Ranar da Jirgin Kaya Ya Ji Maganar Yaya

Yayana mai hoto ne, kuma duk unguwarmu ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Kar-a-motsa ake ce masa, yara da manya, don ita ce kalmar da yake faɗa kafin ya danna kyamara, hannunsa na hagu a sama kamar mai ba motoci hannu. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, kuma na sha gaya masa a gaban idonsa cewa sunan ya bi shi. Tun yana saurayi ya gaji shagon nan daga maigidansa, har gemunsa ya yi fari bai motsa daga cikinsa ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin layin dogo, dab da inda titin mota ya ratsa. Akwai labule a bango mai zanen teku, kujera mai hannu, furen roba da ya koɗe, madubi da mataji, sai wata kwat da ake ara wa masu hoton neman aiki. Kwat ɗin nan ta shiga ofisoshi da ƙasashen da Yaya bai ma san sunansu ba. Yawancin cinikinsa hoton fasfo ne, wato hoton masu shirin tafiya. Ya gyara musu wuyan riga, ya ɗaga musu haɓa, ya yanke musu hoton daidai da almakashi, su sa kai su yi gaba, shi kuma ya ɗauki tsintsiya ya share guntayen takarda. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.

Bayan shagon akwai wani lungu da ya mayar ɗakin duhu inda yake wankin hoto, sai ɗakin kwanansu, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabci. Jirgin fasinja ya daɗe da daina bi ta garinmu. Na kaya ne kaɗai ke wucewa, shi kuwa ba ruwansa da kowa, ba ya tsayawa, sai dai ya girgiza kofunan da ke kan kanta ya wuce. A lokacin da nake ba da labari ba a fara yawo da kyamara a aljihu ba. In kana son fuskar mutum a takarda, sai ka zo wurin irin su Yaya.

Matarsa kowa Inna yake ce mata, tun ranar da ɗansu ya fara magana. Da ƙafarta, ita ce rabin shagon: ita ke shanya hotuna a igiya, ita ke zama gefen Yaya tana miƙa masa kayan aiki, ita ke tsokanar amare har su yi dariya. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ya bar mata hannun dama da bakinta. Ni mijina ya rasu, 'ya'yana sun watse, sai na zo jinyar wata ɗaya. Wata ɗayan ne ya miƙe har na haddace kowace tsaga da ke silin ɗin shagon, inda nake shimfiɗa katifata. Mu uku muka zauna a gidan kamar an rufe mu a gwangwani: ita ba ta iya tashi, shi ba ya iya barin shago, ni ba na iya barinsu.

Ɗansu ɗaya ne tal, ana ce masa Dogo, don tun yana makaranta yake sunkuyawa a ƙofar shagon. Shi ne ya ƙi zama. Ya ce warin ruwan wankin hoto na sa shi ciwon kai, ya tafi ya samu aikin mataimakin direba a jirgin kaya. Na ce to, Dogo ya bi dogo, magana ta ƙare. Sabon ma'aikaci ba ya samun hutu, ga shi ana jefa shi layi-layi, yau nan gobe can. Tun da ciwon uwarsa ya yi tsanani bai taka gidan ba.

Inna ba ta taɓa cewa ya kyauta ko bai kyauta ba. Damuwarta ɗaya ce, kuma kullum ita take maimaitawa in ina ba ta abinci a baki.

“Yaron nan ba ya cin abincin waje. Tun yana ƙarami sai an zauna a kansa. Ni dai in ga fuskarsa. In na ga kumatunsa zan san ko yana ci.”

Sanyin shekarar nan bai yi mata da sauƙi ba. Tari ya sauka a ƙirjinta, likita ya zo ya duba, ya ce ko ƙofa kar a bari iska ta same ta. Da zai fita ya ja Yaya gefe ya faɗa masa wata magana a hankali. Ban ji ba, ban kuma tambaya ba, don na ga yadda Yaya ya dawo ya hau goge madubin da ba shi da datti.

Ana cikin haka sai ga Mai-ƙofa, wato dattijon da ke sauke sandar tare motoci in jirgi zai wuce. Ya leƙo shago da hularsa har kunne ya ce an aiko ta bakin wani direba: gobe Dogo zai bi ta nan, zai leƙo ta tagar kan jirgi.

“Ƙarfe nawa?” in ji Yaya.

“Malam, jirgin kaya ne fa. Ba ya alkawari da kowa. Ko da safe, ko da rana.”

Ni na ce a naɗe Inna a bargo, a ɗora ta a kujerar hoto, mu ciccibe ta zuwa bakin ƙofa. Yaya ya ce a'a, murya ƙasa-ƙasa, irin a'ar da ba a ja da ita. Inna tana jinmu daga ciki. Ta yi tari mai tsawo, da ya lafa ta ce, “Ku daina rabon gawata tun ina numfashi. Malam, ba sana'arka ba ce? Ka ɗauko min shi a hoto.”

A nan gizo ke saƙar, don Yaya bai taɓa ɗaukar abin da ke motsi ba. Kyamararsa irin ta dā ce, ƙatuwar akwati a kan ƙafa uku, wadda sai mutum ya lulluɓa kansa da ƙyalle kafin ya ga abin da zai ɗauka. Na ce ya aro ƙarama wurin masu hoton biki. Ya ce a ƙaramar fuskar Dogo ba za ta fi ƙwayar wake ba, in an faɗaɗa ta sai ta zama hayaƙi, kuma kumatu aka ce ana son gani. Gaskiyarsa ce, amma na san har da girman kai a ciki.

Washegari ruwan da na bari a bokiti ya yi ɓawon ƙanƙara. Na gyara Inna, na ba ta shayi, na ajiye mata ƙararrawar tebur kusa da hannunta, duk da na san ba wanda zai ji. Yaya ya saɓa ƙafafun kyamara, ni na rungumi akwatin. Ina tsammanin a bakin shago za mu tsaya, sai na ga ya tsallaka layin.

“Ina kuma za mu?”

“Rana,” ya ce. “Mai hoto ba ya fuskantar rana. Sai tana bayana.”

Haka muka ƙetare zuwa ɗaya gefen, kusa da ɗan ɗakin Mai-ƙofa, shagonmu yana kallonmu daga can. Ban kawo komai a raina ba.

Sanyin ranar ba irin wanda ake ba da labari ba ne a yi dariya. Yana shiga ta tafin takalmi ya hau har haƙora. Duk maganar da ka yi sai ka ga tururinta. Yaya ya kafa kyamara a kan tsakuwa, ya auna, ya matsa, ya sake aunawa, yana hura yatsunsa. Mai-ƙofa ya ba mu shayi daga ɗan rishonsa, ya ce in ƙararrawar ɗakinsa ta kaɗa, jirgi ya kusa.

Jirgin farko na dakon mai ne, tankoki baƙaƙe a jere. Kafin ka gan shi ƙarfen layin ke fara wani siririn kuka, sannan ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Ba Dogo a ciki. Na biyu ya ɗauko katako da wasu taragu a rufe, masu tsatsa, an yi musu rubutun alli a jiki. Shekara da shekaru ina jin jiragen nan ta bango, ban taɓa tsayawa na kalle su ba sai ranar. Tsawonsu ya ba ni tsoro. Ka yi ta kallo kana cewa wannan ne na ƙarshe, wani na fitowa, kuma duk cikinsu ba fuskar mutum ko ɗaya. Na ji wani baƙin ciki ya taso min, ganin ko buhu da katako suna da inda za su.

Duk jirgin da ya zo Yaya yana shiga ƙyallensa ya gwada, ba tare da ya danna ba. Duk sanda ya fito sai ya girgiza kai.

“Hannun ba ya yarda,” ya ce. “Jira yake abin ya tsaya.”

“To ka gaya masa wannan ba amarya ba ce.”

Bai yi dariya ba. Leɓensa ya bushe, hancinsa na zuba, ya ƙi shiga ɗakin Mai-ƙofa ya ji ɗumi, wai kar ƙararrawa ta kaɗa yana zaune.

Ƙyallen nan da yake lulluɓa da shi baƙi ne, amma da ya tsufa ya fara shigar da haske, sai Inna ta yi masa shafi da wani jan yadi da ya rage mata. Wajensa baƙi, cikinsa ja wur. Wajen azahar iska ta taso, ƙararrawa ta kaɗa, Mai-ƙofa ya sauke sanda, ya ɗago mana hannu alamar wannan ne. Yaya ya rikice. Ya yafa ƙyallen a bai-bai, iska ta fizge shi daga kansa, ya cafke shi da hannun hagu. Kan jirgin ya fito daga kwana, fitilarsa a kunne, na hango wani dogon wuya ya leƙo ta taga. Sai Yaya ya yi abin da jikinsa ya saba yi tun kafin a haifi Dogo. Ya ɗaga hannun hagun nan sama, jan ƙyalle na kaɗawa a ciki, ya ce da jirgin kaya, “Kar a motsa.”

Ƙarar da ta biyo baya har yau tana cikin kunnena. Ƙarfe ya kama ƙarfe, taragu suka dinga dukan juna ɗaya bayan ɗaya har can baya, warin ƙuna ya cika wurin. Kan jirgin ya wuce mu da gudu, na ga hular Dogo kamar ƙiftawar ido. Yaya bai danna ba. Jirgin ya yi ta ja, yana ja, kan ya shige kwana ta gaba ya ɓace, sannan komai ya tsaya cak. Abin da ke gabanmu bangon taragu ne, daga gabas har yamma, ya raba mu da shago.

Mai-ƙofa ya taho hannu a ka.

“Malam, ka san abin da ka ɗaga kuwa? Jan ƙyalle a bakin layi, ai cewa ka yi akwai mutuwa a gaba. Ko uban waye direban sai ya taka birki.”

Yaya ya dubi hannunsa kamar na wani ne. Ya yi tsuru-tsuru, ya ma kasa sauke shi gaba ɗaya. Motocin da aka tare suka fara ham ta ko'ina, masu babur na zage-zage. Ni kuwa na rasa ko dariya zan yi ko kuka, don duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa jin maganar Yaya irin ta ranar ba.

Can sai ga mutum yana tahowa a kan tsakuwa daga wajen kwana, yana sunkuyawa yana leƙa ƙarƙashin kowane tarago. Aikin mataimaki ne, in jirgi ya tsaya haka, ya sauko ya duba dalili. Tun daga nesa na gane tafiyar. Da ya iso ya ga kyamara, ya ga ƙyallen, ya ga ubansa, sai ya tsaya.

“Baba, kai ne?”

“Kuskure ne,” in ji Yaya. “Iska ce.”

Mai-ƙofa ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan in an tambaye shi, iska ce ta ɗauko ƙyalle, kuma ba duka ne ƙarya ba. Dogo ya durƙusa ya gaishe mu a gurguje. Ni ban tsaya amsa gaisuwa ba, na kama hannun rigarsa.

“Ga ɗakin Inna can bayan taragon nan. Ka ratsa ta ƙasa, ka leƙa ta, ka fito. Ko zama ba sai ka yi ba.”

“Goggo, ba a shiga ƙarƙashin jirgi. In ya motsa fa?”

“To ka haura ta tsakani.”

“Direba na jirana, akwai wani jirgin a bayanmu. In aka ce na bar jirgi a kan titi na shiga gidanmu, kuma babana ne ya tsayar da shi, wa zai yarda kuskure ne? Daga ni har direban mun tashi daga aiki.”

Na san gaskiya ya faɗa, amma a lokacin ji na yi kamar in kwaɗa masa mari. Ya sunkuya ta tsakanin taragu biyu, inda ake hango ƙofar shagon da rabin allon sunan. Ya buɗe baki kamar zai kira ta, ham ɗin motoci ya cika ko'ina, sai ya rufe.

“Yaya jikin nata?”

“Da sauƙi,” in ji Yaya. “Tsaya nan. Juyo. Cire abin wuyan nan.”

Da Dogo ya warware mayafin da ya naɗe wuya da haɓa, sai na ga yadda ya rame. Wuyan rigar aikin ya yi masa yawa, har kana iya zura hannu. Kumatun da ake magana babu su, sai ramuka biyu, idanun sun faɗa. Ya ga inda nake kallo, ya ce, “Aikin dare ne, Goggo. Kar ku gaya mata.” Yaya ya shiga ƙyallensa, ya daɗe a ciki fiye da yadda aikin ke bukata. Sannan ya danna, sau ɗaya. Dogo ya mayar da mayafinsa ya juya da gudu, tsakuwa na watsewa a bayansa.

Sai da muka ƙara tsayuwa kafin jirgin ya ja jiki. Taragu suka fara wucewa a hankali, shagonmu na bayyana yana ɓacewa a tsakaninsu. Da na ƙarshe ya wuce muka tsallako da kayanmu.

Da muka shiga ɗaki, Inna ta ɗaura ɗankwali. Da hannu ɗaya ta ɗaura shi, ya karkace, kuma ban san yadda ta jawo shi daga kan akwati ba. Ta juyo da fuskarta wajen ƙofa. Ta dube ni, ta dubi Yaya, sannan ta dubi bayanmu.

“Na ji ya tsaya,” ta ce. “Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa tsayawa ba.”

“Ba a ba shi izinin sauka ba,” in ji Yaya. “Amma na ɗauke shi. A tsaye, da kyau. Yana gaishe ki.”

Ta ce to. Ta bar ɗankwalin a kanta har yamma, kuma ranar ba ta ci komai ba.

Da la'asar Yaya ya rufe shago ya shiga ɗakin duhu. Da dodon hoton, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ya bushe ya kira ni, ya ɗaga shi a haske. A dodo komai a juye yake, baƙi fari, fari baƙi, amma ramukan nan ko a juye ba su ɓuya ba. Ya zauna, ya fere fensir har ya yi tsini kamar allura, ya ɗauko reza. Wannan aikin ya iya shi fiye da kowa a garin: yakan cike wa mutum rami, ya kankare masa tabo, ya rage wa tsohuwa shekaru. Ya duƙufa a kan fuskar ɗansa, ɗigo bayan ɗigo, har hasken taga ya ƙare. Da ya wanko hoton, sai ga Dogo da kumatu, wuyansa a cike, kamar wanda ke cin girkin uwarsa. Na ce masa ya yi kyau, kuma har zuciyata na faɗa.

Da safe muka kai mata. Na tallafo ta da matashi, Yaya ya sa mata hoton a hannun dama ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ta nisanta shi, ta matso da shi dab da ido, ta karkata shi wajen taga. Ta sa babban yatsa ta shafa kumatun, a hankali, sau biyu.

“Hannunka na nan yadda na san shi, Malam,” ta ce. “Ni nake fere maka fensir, ka manta? Ashe ya rame har sai da ka sa hannu.”

Ta sake duban hoton.

“Ba komai. Wanko min na gaskiyar, in ga ɗana.”

“Dodon ɗaya ne,” ya ce. “A kansa na yi aikin. Reza ta riga ta shiga.”

Ta daɗe tana kallonsa. Ba faɗa a idonta, kuma da ta yi faɗan da ya fi mana sauƙi. Aka buga ƙofar shago, wani mai son hoton fasfo, Yaya ya fita kamar wanda aka kora. Ta kifa hoton a kan bargo, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta riƙe da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

“Ke kin gan shi da idonki. Gaya min yadda yake, kar ki rage komai.”

Na gyara zama a bakin gadon, na fara mata daga wuya.